Tallafin Mai: Kuɗin Talaka a Tankin Mai Hali

A watan Satumba na 2009 shugabannin ƙasashe ashirin mafiya ƙarfin tattalin arziki, wato G20, suka taru a birnin Pittsburgh na Amurka, suka yi alkawarin janye tallafin da gwamnatoci ke zubawa a kan man fetur da iskar gas da kwal sannu a hankali. Ba su sa wa kansu wa'adi ba, ba su kuma fayyace wane tallafi suke nufi ba. Shekara 13 bayan nan, a 2022, Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa abin da gwamnatoci suka kashe ko suka yafe don sassauta wa jama'a farashin mai da gas da kwal da wutar lantarki ya haura dala tiriliyan ɗaya, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, kuma kusan ninki biyu na shekarar da ta gabace ta. Yaƙin Rasha da Yukiren ne ya cilla farashin sama, gwamnatoci kuma suka buɗe baitulmali don kada zafin ya isa ga jama'a. Da kasuwa ta lafa a 2023 adadin ya sauko zuwa kimanin dala biliyan 620, wanda har yanzu ya ninka sau shida dala biliyan 100 ɗin da ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin bai wa matalauta kowace shekara don tunkarar sauyin yanayi. Ra'ayina a kan wannan kuɗi shi ne, yana cikin hanyoyi mafiya muni da gwamnati za ta bi idan taimakon talaka take nufi. Amma kuma talakan da ya fito titi ranar da aka cire tallafin yana da gaskiyarsa, kuma ƙasar da ta ƙi sauraron wannan gaskiya ba ta cika gamawa da cirewar lafiya ba.

Yadda ake lissafin ba shi da wuya. Ana duba abin da lita ɗaya za ta kai a kasuwar duniya, a haɗa da kuɗin dako da na rabawa, sannan a duba farashin da gwamnati ta ƙayyade a gidan mai. Giɓin da ke tsakani shi ne tallafi. Ƙasar da ke shigo da mai daga waje, irin su Masar da Pakistan, tsabar kuɗi take ciro daga kasafinta ta cike giɓin. Ƙasar da ke haƙo nata, irin su Iran da Saudiyya da Rasha da Aljeriya, sau da yawa ba za ka ga kuɗin a kasafi ba, domin kamfanin mai na gwamnati ne ke sayarwa a gida da arha, ya haƙura da ribar da zai samu da ya fitar waje. Ko ta wace hanya aka bi, dukiyar jama'a ce ta tafi. Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, yana da nasa lissafi mai faɗi, wanda ya kai dala tiriliyan 7 a 2022, kimanin kashi 7 cikin 100 na arzikin da duniya ta samar a shekarar. Daga ciki tiriliyan 1.3 ne kawai tallafi na zahiri. Saura ƙiyasi ne na ɓarnar da mai ƙona mai ba ya biya, kamar cutar da hayaƙi ke sa wa huhun mutane, da ɗumamar yanayi, da cunkoson hanya, da harajin da aka yafe. Wannan ɓarna gaskiya ce, amma zan tsaya a kan ƙaramin adadin, domin shi ne kuɗin da minista zai iya karkatarwa gobe zuwa asibiti ko makaranta in ya ga dama.

Abu na farko da ya kamata a tambaya game da duk wani taimako shi ne hannun wa yake faɗawa. Tallafin mai ba ya tambayar sunanka ko halin da kake ciki. Yawan litar da ka sha yake bi. Sadaka ce da ake rabawa gwargwadon girman ƙwaryar da mutum ya zo da ita, mai babbar ƙwarya ya kwashi rabo mai tsoka, wanda ba shi da ƙwarya ya koma da abin da tafin hannunsa ya ɗauka. Masana na IMF sun bi bayanan kashe kuɗin gidaje a ƙasashe masu tasowa da dama, suka gano cewa kashi 20 cikin 100 na gidajen da suka fi wadata suna samun tallafin da ya ninka sau shida na kashi 20 ɗin da suka fi talauci. A man fetur kaɗai abin ya fi haka muni, domin sama da kashi 80 cikin 100 na amfanin yana tafiya ne ga kashi 40 na sama. Babu abin mamaki a ciki ga duk wanda ya san garinsa. Gidan da ke da motoci huɗu da janareta mai kwana a kunne yana shan man da ƙauye guda ba zai sha ba, kuma kowace lita gwamnati ta ɗora masa kyauta a kai. Manomin da ke zuwa gona da ƙafa, matarsa tana girki da kara, rabonsa ba ya wuce ɗan sauƙin kuɗin mota ranar kasuwa. Da a ce gwamnati ta kawo doka a fili cewa za ta riƙa bai wa kowane attajiri ninki shida na abin da take bai wa talaka, babu majalisar da za ta amince da ita. Ta bakin famfon gidan mai kuwa ana yin hakan kullum ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba.

Sai kuma abin da yake ci. Kafin Shugaba Sisi ya fara ƙara farashi a Yulin 2014, abin da Masar ke kashewa a tallafin makamashi ya fi na lafiya da ilimi a haɗe. A Indunusiya kasafin tallafin makamashi da diyyar kamfanonin gwamnati ya kai rufiya tiriliyan 502 a 2022, ninki uku na abin da aka tsara tun farko. Najeriya ta kashe naira tiriliyan 4.39 a shekarar, kimanin dala biliyan 10, har kamfanin mai na gwamnati, NNPC, ya yi watanni bai zuba komai a asusun tarayya ba, a daidai lokacin da gangar ɗanyen mai ta haura dala 100 kuma sauran masu arzikin mai ke tara rara. Wani aibin shi ne ba a iya tsara masa kasafi, tun da farashin da ake yankewa a kasuwannin waje ne ke faɗa wa gwamnati nawa za ta biya, ba majalisarta ba. In ya kumbura a tsakiyar shekara, aikin hanya da na ruwa ne ke tsayawa, ko a ci bashi.

Inda kuma aka sami farashi biyu a gefe biyu na iyaka, fasa-ƙwauri ya samu gindin zama. Benezuwela ta yi shekaru tana sayar da fetur a farashin da bai kai na ruwan roba ba, man kuma yana kwarara zuwa Kwalambiya. Dizal ɗin Iran yana ƙetarawa Pakistan, man Libiya yana shiga Tunisiya da ƙasashen Sahel. Mu ma ba sai an ba mu labari ba: shekara da shekaru man Najeriya ne ake zubawa a kwalabe da jarkoki a bakin titunan Maraɗi da Kwatano da Garwa, wato baitulmalin Najeriya yana tallafa wa masu ababen hawa na ƙasashe uku ko huɗu. Hukumomin Najeriya suna cewa ana shan sama da lita miliyan 60 a rana kafin Mayun 2023. Da aka cire tallafi adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 50. Tsada ta sa wasu sun ajiye mota, gaskiya ne, amma wani kaso na wannan bambanci man da dama ba a cikin ƙasar ake ƙona shi ba ne, wani kuma a takarda kawai ya wanzu. Kwamitin Majalisar Wakilai da ya yi bincike a 2012 ya gano cewa an ware naira biliyan 245 don tallafi a kasafin 2011, amma abin da aka fitar ya haura tiriliyan biyu, har da biyan kamfanoni kuɗin jiragen man da ba su taɓa sauke kaya ba.

To in haka ne, me ya sa ake zubar da jini duk lokacin da aka taɓa shi? A Fabrairun 1989 ƙarin kuɗin mai da na mota ya tayar da tarzoma a Karakas, babban birnin Benezuwela, ɗaruruwa suka mutu. A Mayun 1998 ƙarin farashi ya rura wutar da ta kawo ƙarshen mulkin Suharto na shekara 32 a Indunusiya. Shugaba Evo Morales, wanda talakawan Bolibiya suka ɗauka nasu ne, ya ƙara farashi a Disambar 2010, bai cika mako ba ya janye. A ranar 1 ga Janairun 2012 lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141 a Najeriya, ƙasa ta tsaya cik daga Legas har Kano, aka sasanta a kan 97. Sudan ta ga nata a Satumbar 2013. A Oktoban 2019 gwamnatin Ekwado ta bar babban birninta ta koma Guayaquil saboda zanga-zanga, daga bisani ta soke dokar cire tallafin mai. Wata guda bayan haka Iran ta ƙara kuɗin fetur cikin dare, aka rufe intanet kusan mako guda, ƙungiyar Amnesty ta tattara sunayen sama da mutum 300 da aka kashe. A Janairun 2022 ninka farashin gas ɗin mota a garin Zhanaozen ya zama rikicin da ya ci rayuka sama da 200 a Kazakistan. Masu ba da shawara daga nesa sukan ce jahilci ne, ko kuma masu cin moriyar tallafin ne ke ingiza mutane. Akwai masu ingizawa, amma wannan bayani ya raina hankalin jama'a.

Ga abin da talaka ya sani wanda jadawalin masana ba ya nunawa da kyau. Rabonsa ƙarami ne, amma in aka auna shi da abin da yake samu a wata, ba ƙarami ba ne. Attajirin da ya rasa tallafin naira dubu ɗari ba zai rage cin nama ba. Lebura da ya rasa na dubu biyar zai rage kwanon abinci. Ba kuma a gidan mai kaɗai tsadar take samunsa ba. Tana zuwa masa a kuɗin a-daidaita-sahu, da kuɗin niƙa, da farashin buhun masarar da aka ɗauko daga kasuwar Dawanau, da injin ban ruwan mai noman rani, da wanzamin zamani da mai walda waɗanda janareta ce wutarsu. Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne amana. A ƙasashe da yawa arhar mai ita ce kaɗai abin da ɗan ƙasa ke karɓa daga gwamnati ba tare da ya san kowa ba, ba fom, ba ɗan majalisa, ba cin hanci. Yana ganin ta da idonsa a allon famfo. In aka ce masa ya sake ta a yi masa asibiti da kuɗin, ana neman ya ba da abin da ke hannunsa ya karɓi alkawari, daga bakin mutanen da suka sha yi masa alkawari. Ɗan Najeriya yana tuna shirin SURE-P na 2012, wanda aka kafa don yin ayyuka da kuɗin tallafin da aka rage, da yadda ya watse ba tare da ya bar abin a zo a gani ba. Yana kuma tuna asusun PTF na zamanin Abacha, da aka kafa da kuɗin ƙarin farashin mai, wanda duk da ƙorafe-ƙorafen da aka yi a kansa ya bar hanyoyi da magunguna masu ɗauke da tambarinsa, shi ya sa har yau ake ambatonsa a Arewa. Mutumin da ya ƙi wannan ciniki lissafi ya yi, kuma lissafinsa yana kan hanya matuƙar gwamnati ba ta sauya tsarin cinikin ba.

Ƙasashen da suka tsallake wannan mataki da sauƙi sun sauya shi ne ta hanyar fara biya kafin su karɓa. Misalin da ya fi jan hankali daga Iran ya fito, ƙasar da ba IMF ce ta tilasta mata ba. Kafin ranar ƙarin farashi a Disambar 2010, gwamnatin Ahmadinejad ta sa an buɗe wa iyalai asusun banki, ta zuba musu kuɗi tun makonni kafin lokacin, kowa yana iya zuwa ya ga adadin da sunansa amma ba zai iya cira ba sai ranar da sabon farashi ya fara aiki. Da ranar ta zo, fetur na rabo ya ninka sau huɗu, dizal ya ninka kusan sau tara, aka kuma saki kuɗin: riyal 455,000 ga kowane mutum a wata, kimanin dala 45 a lokacin, ga mafi yawan al'ummar ƙasar. Ba a yi tarzoma ba. Ga iyalin ƙauye mai mutum shida wanda ba shi da mota, abin da ya shigo ya fi abin da ya fita nesa ba kusa ba, kuma talauci ya ragu a shekarun farko. Indunusiya ta yi makamancin haka a Oktoban 2005, shekara bakwai kacal bayan faɗuwar Suharto: ta ninka farashi fiye da sau biyu, ta kuma riƙa bai wa gidaje kimanin miliyan 19 rufiya 100,000 a wata ta ofisoshin gidan waya, gwamnatin Yudhoyono ta tsaya da ƙafarta har ta sake cin zaɓe a 2009. Gana a Fabrairun 2005 ta ƙara kashi 50 cikin 100, amma sai da ta sa aka yi bincike kan wanda ke cin tallafin, aka baza sakamakon a rediyo, sannan gwamnatin Kufuor ta soke kuɗin makarantar firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati, ta ƙaro motocin safa. Uba yana iya tabbatar da wannan da kansa ranar da aka koma makaranta. Indiya kuwa lokaci ta zaɓa: ta saki farashin dizal a Oktoban 2014, daidai lokacin da ɗanyen mai ke faɗuwa, har mutane suka fara da ganin ragi.

Za a ce ai waɗannan nasarori ba su ɗore ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Iran ta raba fiye da abin da ta tara, ta cike giɓin da bashin babban banki, takunkumi ya zo ya haɗu da hauhawar farashi, riyal 455,000 ɗin ya tsaya a wurinsa shekaru yana narkewa, farashin fetur da aka sake ƙayyadewa shi ma ya koma arha, har aka kai ga ƙarin 2019 wanda aka yi ba shiri. A Indunusiya Shugaba Joko Widodo ya cire tallafin fetur a Janairun 2015, ya karkatar da sama da rufiya tiriliyan 200 zuwa hanyoyi da tashoshin jiragen ruwa da asusun ƙauyuka, amma da farashin duniya ya tashi kuma zaɓe ya matso, aka daskarar da farashi, tallafin ya dawo ta bayan gida. Darasin da ke cikin wannan bai rushe hujjar cirewa ba. Ya nuna cewa muddin shugaban ƙasa ne ke yanke kuɗin lita da bakinsa, kowane ƙari laifinsa ne, kowane zaɓe kuma dalili ne na ɗage shi. Sai an miƙa farashin ga ƙa'ida sananniya da ke motsawa kaɗan-kaɗan, sama da ƙasa, kamar yadda Maroko ta yi daga 2013 har ta saki fetur da dizal gaba ɗaya a 2015, sannan a ɗaure kuɗin da ake bai wa iyalai da hauhawar farashi don kada ya zama suna kawai.

Akwai hujjar da ta fi kowace shiga zuciya a ƙasashe masu rijiyoyin mai: man namu ne, Allah ya ba mu, don me za mu saye shi da tsadar wanda ba shi da shi? Na yarda da rabin farko ɗari bisa ɗari, kuma shi ne ma ya sa rabi na biyu bai tsaya ba. In man na kowa ne, to jaririn da aka haifa jiya a ƙauyen da ba kwalta yana da kaso daidai da na mai jerin motoci a unguwar Maitama ta Abuja. Rabon gado ba a yin sa da yawan abin da magaji zai iya sha. Hanyar da ta dace da cewa man na kowa ne ita ce a sayar da shi da darajarsa a raba kuɗin daidai, ko a zuba shi a abin da kowa zai mora. Jihar Alaska ta Amurka tana bai wa kowane mazauninta rabonsa na ribar asusun mai duk shekara tun 1982. Nowe, wadda ta fi kowace ƙasa a yammacin Turai haƙo mai, tana cikin masu tsadar fetur a duniya, kuɗin kuma yana cikin asusun da ya haura dala tiriliyan ɗaya. Ba ina cewa kowace ƙasa za ta zama Nowe ba ne. Ina cewa mallakar mai hujja ce ta neman a ba ka kasonka cikakke, kuma arhar famfo tana ba ka ƙasa da shi.

Hujja ta gaba ita ce ta munafuncin masu wa'azi. Ƙasashen da suka matsa a rubuta janye tallafi a yarjejeniyar taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 su ne, shekara guda bayan haka, suka ware ɗaruruwan biliyoyin yuro don kare jama'arsu daga tsadar makamashi. Jamus ta rage harajin mai na wata uku ta kuma kafa garkuwar yuro biliyan 200, Birtaniya ta ƙayyade kuɗin wuta da gas na gida madaidaici a fam 2,500 a shekara, Japan ta fara biyan dillalan fetur a Janairun 2022. Faransa ma ta janye ƙarin harajin mai a 2018 da masu zanga-zanga cikin riguna ruwan ɗorawa suka cika tituna. Duk wanda ya ji haushin a ce wa Afirka, wadda hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, ta ɗaure ciki saboda yanayi, haushinsa halal ne. Sai dai kuskuren Jamus ba ya biya wa Masar ko Najeriya bashi. Ƙasashe masu arziki suna ciyo bashi da ruwa kaɗan, suna da haraji mai faɗi da za su maido da abin da suka kashe, kuma yawancinsu sun janye matakan da farashi ya sauko. Ƙasar da ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin shigarta a kan ruwan bashi ba ta da wannan sarari. Dalilinmu na gyara tallafi yana cikin asibitocinmu da azuzuwanmu tun kafin a zo maganar yanayi, ko da yake mutanen da hamada ke cinye gonakinsu kuma Tafkin Cadi ya janye musu ba baƙi ba ne a wannan magana.

Wuri ɗaya ne nake ganin tallafi yana da hujja mai ƙarfi, shi ne makamashin girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan biyu suna girki da itace da gawayi da kashin dabbobi da makamantansu, kuma hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan uku a shekara, mata da ƙananan yara a gaba. In gas ya yi tsada uwar gida ba ta daina girki, murhu take komawa, daji kuma ya biya. Indunusiya ta raba tukwanen gas masu kilo uku kyauta daga 2007 ta raba miliyoyin gidaje da kananzir. Indiya ta bi hanya uku: ta mai da tallafin gas kuɗin da ake turawa asusun mai saye kai tsaye, abin da ya fitar da sunayen bogi masu yawa, ta roƙi masu hali su sauke nasu har sama da gida miliyan 10 suka amsa, sannan daga 2016 shirin Ujjwala ya haɗa wa mata matalauta gas da sunansu, adadin da ya kai miliyan 100. Matsalar da ta bayyana ita ce da yawansu ba sa iya sake cika tukunyar akai-akai, wanda ke nuna cewa a nan ƙarin tallafi ake bukata, mai suna da adireshi.

Da wannan ma'auni za a auna abin da ya faru a Najeriya. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar a jawabin rantsuwa cewa tallafi ya tafi, kuma a kan ainihin matakin ina ganin ya yi daidai. Manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku duk sun yi alkawarinsa. Amma an karɓa kafin a biya. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, makonni biyu bayan nan aka saki naira ta faɗi, abin da ya sake ɗaga kuɗin man da ake shigowa da shi, har ya haura naira 1,000 a Oktoban 2024. Shirin bai wa gidaje miliyan 15 naira 25,000 na wata uku sai a Oktoban 2023 aka ƙaddamar da shi, a Janairun 2024 kuma aka dakatar bisa zargin almundahana a ma'aikatar da ke kula da shi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai a Yulin 2024 ya zama doka, kuma bai shafi manomi da ɗan tireda da ɗan acaɓa ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar shekarar, bayan zanga-zangar yunwa ta watan Agusta wadda ta fi zafi a Arewa. Girgizar ta ƙetara iyaka zuwa Nijar: da man bumburutu ya daina arha, buƙata ta koma kan matatar SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, wadda ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar duka, Nijar ta shiga dogayen layuka a Maris ɗin 2025.

Kuɗin kuwa ya shigo. Abin da tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi suka raba ya haura naira tiriliyan 15 a 2024, daga kimanin tiriliyan 10 a 2023, ko da yake faɗuwar naira tana da hannu a kumburar adadin. A Mayun 2025 Bankin Duniya ya ce rabin ribar cire tallafin kawai NNPC ke miƙawa asusun tarayya, saura yana biyan tsofaffin basussuka da shi. Kaso mai yawa na abin da aka miƙa yana hannun gwamnoni 36 da shugabannin ƙananan hukumomi 774, waɗanda su ne ke da alhakin makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da rijiyar burtsatse. Ana buga abin da kowace jiha ta karɓa wata-wata, don haka ƙungiyar ƙwadago ko ta 'yan kasuwa ko majalisar malamai a kowace jiha tana iya ɗaukar adadin Mayun 2023 ta ajiye kusa da na wannan wata, ta nemi gwamna ya nuna a rubuce inda bambancin ya shiga, makaranta nawa, gado nawa a asibiti, motar haya nawa.